Lambobi Uku Cikin Gwangwani: Bin Sawun Wani Sojan Mungadi Zuwa Kurmin Bama

Bara da kaka na fita rangadin makarantu a ƙasar Maiyama, kudu da Jega, na ya da zango a Mungadi. Bayan mun gama duba rajista da littattafan yara, sai hedimasta ya ce yana da wata 'yar magana wadda ba ta shafi aiki ba. Ya kai ni gidansu, na gai da mahaifinsa, dattijo ne wanda ya ba saba'in baya. Aka yi mini shimfiɗa a zaure. Da muka gama gaisuwa sai dattijon ya aiki yaro cikin gida, ya fito da wani tsohon gwangwani wanda tsatsa ta ci murfinsa. A ciki akwai lambobin soja uku, biyu masu siffar tauraro, ɗaya zagayayya kamar babban sule, da wani ɗan littafin sallama wanda gara ta cinye gefensa.

Dattijon ya ce, "Malam, na tsohonmu ne, Allah ya jiƙansa. Tun muna yara ake gaya mana Sarkin Ingila ya ba shi su saboda jaruntakar da ya nuna a yaƙin Bama. Ku da kuka yi karatu, a duba mana abin da ya yi."

Abin da suka riƙe na labarin bai fi cikin cokali ba. Wai a bisa wani tudu aka tsare su, sun yi kwana da kwanaki ba barcin dare, abincinsu kuwa daga sama yake faɗowa. Na ce masa, "Baba, zan gwada, amma ban yi alkawari ba." Ga abin da na samo cikin watannin da suka biyo baya. Na ga ya kamata in rubuta shi domin malaman makaranta da akawuna 'yan'uwana, gama irin wannan gwangwani yana nan a gidaje da yawa daga Aliero har Yawuri.

Abu na farko da na gane bai yi mini daɗin faɗi ba. Lambobin soja na wancan yaƙi iri biyu ne. Akwai na halarta, waɗanda ake ba duk wanda ya yi aiki a wani fagen fama na wani lokaci ƙayyadadde. Akwai kuma na jaruntaka, waɗanda ake ba mutum shi kaɗai saboda wani abu da ya aikata a rana kaza, wuri kaza. Ukun nan na Mungadi duka na halarta ne: Tauraron 1939-45, da Tauraron Bama mai ƙyalle ja a tsakiya da shuɗi da ruwan goro a gefe, da Lambar Yaƙi. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Gwamnatin Ingila ba ta buga sunan kowa a jikin lambobin halarta na yaƙin nan ba, amma lambar jaruntaka irin su M.M. da D.C.M. za ka ga an zana lambar soja da muƙaminsa da sunansa a bakinta kewaye. Na jujjuya ukun nan a hasken rana, ba ko harafi.

Littafin sallamar nan da gara ta raga shi ya fi lambobin amfani. A ciki na ga lambarsa ta soja, mai farawa da NA, na ga kuma an rubuta bataliya ta 12 ta Rundunar Nijeriya. Sunansa na biyu kuwa Jega aka sa. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san yadda ake ɗaukar soja a zamanin En'e. Akawun bariki ba ya tambayar sunan uba, sai ya haɗa sunan mutum da na babban garin da ya sani kusa da ƙauyensu. Saboda haka mutumin Mungadi yakan zama wane Jega, ko wane Gwandu, ko wane Sakkwato. In ka je neman kakanka da suna kaɗai, za ka tarar da masu sunan nan da dama a bataliya guda. Lamba ita ce ba ta da tagwai.

To, ina bataliya ta 12 ta yi yaƙi? A 1943, zamanin Sarkin Gwandu Yahaya, aka haɗa babbar runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, aka ɗauke ta a jiragen ruwa zuwa Indiya domin yaƙi da Japanawa waɗanda suka mamaye Bama, ƙasar da ake kira Myanmar tun 1989. Yawancin rundunar kwarin Kaladan suka shiga, daga baya runduna ta 82 ta bi su zuwa Arakan. Sunayen da muke ji na barikokinmu, Myohaung da Tamandu da Dodan a Legas, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, duk daga can aka kwaso su. Amma birged guda, ta 3, wadda ta ƙunshi bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12, dukansu 'yan Nijeriya, an cire ta an ba wani Janar mai suna Orde Wingate. Mutanensa su ake kira Chindit, sunan da barikin Zariya ya gada. Dabararsa ita ce a sauke soja da jirgin sama can bayan abokan gaba, su kafa sansani a tsakiyar kurmi, su datse hanyoyin da Japanawa ke kai abinci da harsashi, su kuma a riƙa jefo musu nasu guzurin daga sama.

FARIN BIRNI

Daren 5 ga Maris, 1944, aka fara saukar da su. Kafin ƙarshen mako na biyu Birgediya Michael Calvert ya kai mutanensa wani ƙauye, Henu, kusa da Mawlu, inda hanyar jirgin ƙasa da ta mota masu zuwa Myitkyina suke bi ta gindin waɗansu 'yan tuddai. Nan suka kafa sansani, suka haƙa ramuka, suka rufe su da katakon reluwe da ƙasa, suka kewaye wurin da waya mai ƙaya da nakiyoyi. Laimomin da ake jefo kaya da su suka maƙale bisa itatuwa har wurin ya yi fari fat, sai Turawan suka sa masa suna White City, watau Farin Birni. Da na karanta wannan sai na tuna da tudun dattijon Mungadi da abincin da ke faɗowa daga sama, tsigar jikina ta tashi.

'Yan Nijeriya an sauke su a wani sansani da ake kira Aberdeen, daga nan waɗansunsu suka taka da ƙafa zuwa Farin Birni, bataliya ta 12 tana cikin waɗanda aka ba tsaron wurin. Daga 6 ga Afrilu Japanawa suka kawo birged sukutum suka far masa. Da la'asar su yi ta ruwan igwa, in dare ya yi su taso a guje su auka wa waya, bindigogi masu ruwa su tare su. Gari ya waye a gyara abin da ya ɓaci, a fitar da masu rauni da ƙananan jirage, dare ya yi a koma. Haka aka yi ta yi fiye da kwana goma. Gawawwakin da suka rataye a waya ba mai iya kwashe su saboda nakiya, wari ya cika wurin har matuƙan jirgi suna jinsa daga sama. Cikin kwanakin nan Calvert ya fita da waɗansu mayaƙa don ya bugi Japanawa ta baya, bataliya ta 7 tana tare da shi, aka bar sansanin hannun Birgediya Gillmore, shugaban birged ɗin 'yan Nijeriya. Farin Birni bai faɗi ba. Sai cikin watan Mayu, da damina ta kawo jiki, manya suka ba da umarni a tashi a yi arewa, aka fice da dare. Tafiyar da ta biyo baya cikin ruwa da taɓo da zazzaɓi, har watan Agusta, waɗanda suka rubuta labarinta sun nuna ba ta fi zaman sansanin sauƙi ba.

Waɗanda suka rubuta ɗin kuwa Turawa ne. James Shaw, wanda ya yi aiki da bataliya ta 12, ya fitar da littafinsa The March Out a 1953, Charles Carfrae na bataliya ta 7 ya fitar da Chindit Column a 1985. Daga wajenmu sai a 2007 Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan, wanda mahaifinsa ya je Bama, ya rubuta ƙagaggen labari, Burma Boy. Da Hausa ake hira a rami, amma abin da ya kai ga takarda da Turanci ya kai.

YADDA LAMBA KE FITOWA

A nan ne na fi daɗewa, don in ba a san yadda ake ba da lambar jaruntaka ba, za a yi wa matattu rashin adalci. Sai wani hafsa ya ga abin da idonsa, ko an shaida masa. Sai shi kansa ya tsira da rai. Sai ya sami takarda, fom ne mai lamba W.3121, ya rubuta abin da ya faru. Takardar ta hau daga shugaban bataliya zuwa na birged, zuwa na runduna, kowa ya sa hannu, kowa kuma yana da ikon ya rage darajar lambar ko ya soke ta ɗungum. Wadda ta tsallake duka ita ake bugawa a gazet ɗin gwamnati, London Gazette. Ga ƙananan lambobi irin M.M. gazet ba ta faɗin abin da mutum ya yi, daga lamba sai muƙami sai suna. Bayanin yana cikin fom ɗin, fom ɗin kuwa yana ma'ajiyar takardun gwamnatin Ingila a Kew, cikin jerin da ake kira WO 373, wanda yanzu ana iya bincika shi ta intanet. Littattafan da kowace bataliya ke rubuta abin da ya faru kullum suna cikin WO 172.

Akwai wata doka kuma wadda ta girgiza ni. A wancan yaƙi ba a ba mamaci M.M. ko D.C.M. ko M.C. Wanda ya mutu cikin aikin jaruntakarsa a fagen fama, ko dai a ba shi babbar lamba ta duka, Victoria Cross, ko a ambaci sunansa cikin rahoton Janar, ba tsakiya. Sai a 1979 aka gyara wannan. Ashe sajen da ya tsaya bakin waya har aka kashe shi, wanda ya tsira kusa da shi ya fi shi damar samun lamba.

Ko babbar lambar ma dubi yadda ta kusa salwanta a wannan tudu na Henu. Ranar da ake ƙwace wurin, wani Laftana George Cairns ya yi arangama da hafsan Japan, hafsan ya sare masa hannun hagu da takobi. Cairns ya kashe shi, ya ɗauki takobin ya ci gaba da sara har ya faɗi, daga baya ya cika. Aka rubuta takardar neman a ba shi Victoria Cross. Ran 24 ga Maris jirgin da ke ɗauke da Wingate ya faɗi a duwatsun Manipur, ba wanda ya tsira, takardar kuwa tana cikin jirgin. Sai da matar Cairns ta bi magana bayan yaƙi, aka sake neman shaidu, sa'an nan aka buga lambar ran 20 ga Mayu, 1949. Har ila yau takardar yabon ta ce ran 13 ga Maris aka yi faɗan, alhali littattafan tarihi suna kai shi 16 ko 17. Wannan fa hafsa ne Bature, mai mata a Ingila wadda ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa. Ina ga farabitin da aka rubuta wane Jega, wanda iyalinsa ba su ma san sunan tudun ba? Victoria Cross huɗu mutanen Wingate suka samu a 1944, uku ga hafsoshi Turawa, ɗaya ga wani sojan Gurka, Tulbahadur Pun. Ba sojan Afirka ta Yamma ko ɗaya da ya same ta a Bama.

Kada a ɗauka ina cewa ba a yaba wa namu ba sam. An ba 'yan Nijeriya M.M. da D.C.M., takardunsu suna nan a Kew ga mai haƙurin nema. Samanja Chari Maigumeri, wanda ya sami M.M. a yaƙi da Italiyawa a Gabashin Afirka kafin ya je Bama, har bariki aka sa wa sunansa a Lakwaja. Ina dai cewa jerin lambobi ƙididdigar takardun da suka isa ofis ne, kuma hanyar daga bakin rami zuwa ofis tana da tsawo.

Na nemi mutumin Mungadi cikin WO 373, da lambarsa, da sunansa ta kowace irin rubutawa da akawu zai iya yi masa. Ba ya ciki. Na duba jerin matattu na hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi, wadda ta zana sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba a jikin ginin tunawa na Taukkyan kusa da Rangun, don in ga ko akwai 'yan bataliyarsa. Akwai su, da sunayen garuruwanmu a manne da nasu.

Da rani na koma Mungadi. Na daɗe ina tunanin yadda zan faɗa wa dattijon, gama mutum ya shekara saba'in yana riƙe da magana guda. Na ce masa, "Baba, lambobin nan na halarta ne, ba na wani aiki guda ba. Amma na gano bataliyarsa, na kuma gano inda ta tsaya." Na shimfiɗa taswira bisa tabarma, na nuna masa Mawlu da layin dogo, na ba shi labarin dararen Afrilu tun daga farko. Ya yi shiru har na zaci ransa ya ɓaci. Can ya tambaye ni ko a wurin nan ne ake jin wari. Ya ce tsohon nasu, har ya rasu, in an yanka dabba a gida ba ya zama kusa, kuma bai taɓa gaya musu dalili ba.

Hedimasta ya kwafe lambar sojan da sunan bataliyar cikin littafin tarihin makaranta. Ya sa 'yan aji shida kowa ya tambayo a gidansu ko akwai irin wannan gwangwani, in akwai a kwafo abin da ke cikin littafin sallama harafi da harafi, kada a taɓa lambobin da toka ko tsamiya wai don su yi ƙyalli. Kafin in bar garin yara biyu sun kawo nasu. Ɗaya bataliya ta 7 aka rubuta, ɗayan kuwa gara ta riga mu zuwa shafin.