Wa Zai Ci da Ɗan Ci-rani Ranar da Ƙarfi Ya Ƙare?

Shirinmu na musamman na yau a kan mutanen da ba su gida ne, 'yan ci-rani, 'yan biɗa, waɗanda da an gama ɗaurin hatsi an zuba a rumbu sai su saɓi jaka su nufi tasha. Daga Gidan Rumji da Tsibiri da Cadakori da Gidan Sori, daga Agye da Caduwa da Gazawa, da wuya ka shiga gidan da ba shi da ɗa ko ƙane a Kano, ko Legas, ko Abijan, ko Sabha ta ƙasar Libiya. Wani garuwa yake yi, wani gadi, wani shayi, wani yankan farce, wani yana bisa babur daga asuba har dare. Da guminsu ake cike giɓin rumbu a bazara, kowa ya san haka. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: ranar da gwiwa ta ƙi, kafaɗa ta daina ɗaukar kaya, wa zai ci da shi? Hujjar da zan kafa a yau ɗaya ce. Aiken da ɗan ci-rani yake yi gida ciyarwa ne, ba ajiya ba. Ajiyar tsufa kuwa ba ta zama lafiya a ƙasar da ba kai ke da iko da kuɗinta ba, ba kuma kai ke da iko da ranar barinta ba.

Mu koma shekarar 1984, don dattawan da ke kusa da rediyo yanzu sun fi ni sanin wannan labari. A lokacin Naira na da kwarjini. A farashin gwamnati Naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya. Mutanen ƙasar Maradi da yawa da Naira suke ajiya, a cikin akwati, a cikin tukunya, a ƙarƙashin katifa. Kwatsam a watan Afrilu gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Nijeriya, ta sake launin takardun kuɗi, ta ba mutane ƙasa da mako biyu su kai tsofaffi banki su karɓi sababbi. Ku lura da yadda aka jera abin: an fara rufe iyaka, sannan aka canja kuɗi. Da gangan ne, don a kashe Nairar da ke wajen ƙasa. Masu fasa-ƙwauri da ɓarayin gwamnati aka nufa, amma takardar kuɗi ba ta da rubutun da ke nuna wannan ta ɓarawo ce, wannan ta mai garuwa ce. Wanda ya shekara biyar yana tara kuɗin aure ko na gona, ya kawo su ƙauye ya ɓoye, ya wayi gari yana riƙe da takarda mai hoto kawai. Damanar shekarar kuma ta ƙi, iyaka ta zauna a rufe har 1986, hatsin kudu bai shigo yadda aka saba ba. Shi ya sa a ƙauyukanmu aka raɗa wa yunwar wannan shekara suna El Buhari. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne Buharin nan dai, bayan shekara 38, yana shugaban farar hula, a zamaninsa aka sake canja takardun Naira 200 da 500 da 1,000 a ƙarshen 2022, har tsabar kuɗi ta ɓace a farkon 2023, mai shayi yana da masu saye amma ba mai abin biya a hannu.

Wani zai ce ai wannan tsautsayi ne, ba kullum ake yi ba. To, mu ƙirga. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busiya a Gana ta ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya fita, ta ba da mako biyu. Hausawan zango da suka gina gidaje a Kumasi da Akara suka sayar da su a wulaƙance, wasu ko sayarwar ba su samu yi ba. A watan Janairu na 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙi daga Nijeriya, nan ma mako biyu aka fara bayarwa, kuma cikin waɗanda suka fita har da 'yan Nijar masu yawa. A 2002 da 2010 rikicin Kodebuwa ya koro mutane. A 2011 da yaƙi ya ci gwamnatin Gaddafi, an ƙiyasta 'yan Nijar fiye da 200,000 ne suka dawo daga Libiya, da yawansu an ƙwace abin da ke aljihunsu a hanya. Tun 2014 Aljeriya take loda mutane a mota tana kawowa Asamaka. A 2019 Nijeriya ta sake rufe iyaka fiye da shekara guda, a 2023 kuma, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar, aka sake rufewa. Duk wanda zai shekara talatin yana fita biɗa, ya sa a ransa cewa a cikin talatin ɗin nan za a samu ranar da za a ce masa tattara ka fita. Mako biyu, jama'a. Mako biyu ba ya isa a sayar da rumfa da daraja, ba ya isa a bi bashi.

Wannan asara ce mai ƙara, kowa na jin ta. Akwai kuma wadda ba ta ƙara, ita ce tsadar rayuwa a can da faɗuwar kuɗin da ake biyan mutum da shi. A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Tinubu ya cire tallafin mai, litar da ba ta kai Naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024. Kwanon abinci ya tashi, kuɗin mota ya tashi, kuɗin ɗaki da ake biya na shekara guda a dunƙule ya tashi. Abin da ya rage bayan ci da kwana shi ake kai wa ɗan canji, nan kuma dukan na biyu yake. A farkon 2023 jika ɗaya ta sefa tana wajen Naira 1,200. A 2024 ta wuce Naira 2,000. Wanda ke aiko Naira 30,000 iyalinsa su karɓi jika 25, ya koma aiko 30,000 ɗin su karɓi abin da bai kai jika 15 ba. Bai rage aiki ba, bai yi almubazzaranci ba. Uwargida tana zargin ya yi aure a can, shi kuma yana zargin ba a tattali a gida, alhali kuɗin ne ya rame a hanya. Gaskiya ne mai sefa ya ji daɗin sayayya a Jibiya a wannan lokaci, amma ɗan ci-rani ba mai sefa ba ne, mai neman sefa ne.

Maganar fansho na hukuma ba za ta ɗauke mu lokaci ba, don ba ta da tsawo. Asusun CNSS na Nijar na ma'aikatan da ke da albashi ne da shugaban aiki mai zuba musu kaso. A Nijeriya dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya zuba kashi 8, mai aiki ya zuba kashi 10. Mai turin baro a kasuwar Mil 12 ta Legas wa zai zuba masa kashi goma? A 2019 an ɓullo da ƙaramin fansho na masu sana'ar hannu, tsari mai kyau a takarda, amma yana buƙatar rajista da shaidar zama, kuma da Naira ake tara shi, Nairar da muka gama magana a kanta.

Yanzu ga ƙalubalen da na san dattawa za su yi mini: ai mu fanshonmu 'ya'ya ne, haka muka gada. Wannan magana tana da nauyi, kuma ta yi aiki tsawon zamani. Amma ta yi aiki ne lokacin da gandu ke da faɗi, uba yana da gonar da zai riƙe 'ya'yansa maza a kanta, su yi noma shi ya riƙe mabuɗin rumbu. Ƙidayar 2012 ta nuna ƙasar Gidan Rumji kaɗai ta haura mutum 500,000, kuma tun daga lokacin ƙaruwa ake yi, gona kuwa ba ta haihuwa. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki goma ke raba ta. Ɗan da kake jiran ya riƙe ka shi ma ɗan ci-rani ne, da Nairar nan ake biyansa, iyakar nan ake rufe masa, yana da nasa 'ya'yan. Ba rashin albarka ba ne idan abin da ya aiko bai isa ba. Tsohon da ke da ɗan abin kansa sauƙi yake yi wa ɗansa, kuma, mu faɗi gaskiya, maganarsa ta fi shiga a gida.

Ƙalubale na biyu ya fi ƙarfi: abin da ake samu bai ishi ci ba, ina maganar ajiya? Ban raina wannan ba, akwai shekarun da babu abin ajiyewa ko kaɗan. Amma amsar tana nan cikin jiharmu. A 1991 aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a ƙasar Maradi da tallafin ƙungiyar CARE. Mata ne da ba su da albashi, ba su zuwa Legas, suna zuba 'yan daloli kowane mako a cikin akwati, suna ba juna rance, suna rabawa a ƙarshen zagaye. Tsarin ya yi nasara har aka kwaikwaye shi a ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Sirrinsa ba yawan kuɗi ba ne. Akwatin ba ya buɗuwa don mutum ɗaya ya so. Kuɗin ɗan ci-rani kuwa a buɗe yake, suna, biki, rasuwa, baƙo, wayar salula sabuwa ta ranar dawowa. Wanda kuma zai ce tanadi rashin tawakkali ne, malamai sun sha karanta mana ƙissar Annabi Yusufu, wanda ya sa aka ajiye hatsin shekarun yalwa don shekarun fari.

To a ina za a ajiye? Da can amsar ita ce shanu. Amma mutanen Gidan Rumji da Gidan Sori sun ga abin da ya faru tun 2019, lokacin da dubban 'yan gudun hijira suka tsallako daga Sakkwato da Zamfara, aka zaunar da wasu a Garin Kaka da Cadakori. Ɓarayin daji sun mai da garke abin kira, mai shanu da yawa shi ake nema, wani lokaci shi da kansa ake ɗauka. Jar akuya a hannun uwargida da ragon turka ba su jawo ido haka. Gona ta fi tabbas, in akwai takarda. Nan ne 'yan ci-rani suka fi cutuwa: a aiko kuɗi a ce wa yaya ya saya, ba shaida, ba rubutu, bayan shekara goma a ce ai jingina ce ba saye ba, ko a ce gonar gandu ce ta kowa da kowa. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye, Kofo, daga baya aka kai su har matakin ƙauye inda maigari ke shugabanta, kuma suna ba da takardar saye da ta jingina da ta gado. Wanda ya iya biyan kuɗin mota zuwa Abijan ya iya biyan wannan takarda, da sunansa.

Sai itace, wanda a ganina shi ya fi kama da fansho na gaskiya. Manoman Ɗan Saga a ƙasar Agye sun yi suna a duniya da rainon tsiron gawo da sabara da kalgo a cikin gona maimakon sassabe su, kuma a 2020 hukuma ta fitar da doka mai tabbatar wa manomi haƙƙin itacen da ya raina. Itace yana girma ko kana Sabha, canjin kuɗi ba ya taɓa shi, ba a kora shi cikin dare, kuma yana kai girman amfani daidai lokacin da mai shi ya gaji.

Ina ganin agogo na harara ta, don haka sauran a taƙaice. Kar wani ya ji na yabi sefa ya ɗauka ba ta faɗuwa. A watan Janairu na 1994 an raba darajarta biyu cikin dare ɗaya, kuma maganar sabon kuɗi ba ta daina tasowa ba tun da Nijar ta fita daga CEDEAO. Sayen hatsi ko aya a kaka a ajiye zuwa bazara yana da riba a yawancin shekaru, amma akwai shekarar da farashi ba ya tashi, ga ƙwari. Kuɗin magani shi ke fara cinye ajiyar tsoho, ya kamata a ware masa nasa daban, a hannun wanda aka yarda da shi, tare da shaida. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba kuɗin da ake cira wajen aike ta kamfanonin Nita da Amana da hannun direba, da kuma wanda ya fi isa ƙauye.