Famfon Fasa Dutse Da Lafiyar Masu Gyaransa

A ƙasar Amurka akwai wata dabara ta haƙo man fetur da iskar gas wadda ta dogara ga famfo kacokan. Mai ya kan maƙale cikin dutse mai tauri can ƙarƙashin ƙasa, ba ya fitowa ko da an haƙa rijiya. Sai a tura ruwa gauraye da yashi da ƙarfin tsiya, har dutsen ya tsattsage. Yashin ya zauna cikin tsagar ya hana ta rufewa, mai ya sami hanya.

An fara gwada wannan dabara cikin 1947 a filin gas na Hugoton, a jihar Kansas. Ran 17 ga Maris 1949 kamfanin Halliburton ya fara yin ta don ciniki, a rijiyoyi biyu, ɗaya a Oklahoma ɗaya a Texas. Wajen ƙarshen shekarun 1990 kuwa ma'aikatan George Mitchell suka gano yadda za a ci ribarta a dutsen Barnett na Texas, daga nan ta bazu.

To, bari mu duba famfon. Kowane guda a kan babbar tirela ya ke, da injinsa mai ƙarfin doki 2,500 ko kusa da haka. A cikinsa akwai sandunan ƙarfe uku ko biyar masu kai da komowa kamar taɓarya a turmi, su ne ke tura ruwan. An ƙera shi ya jure matsi har laba 15,000 a kan kowane inci murabba'i. Tayar ƙaramar mota laba 30 ke cikinta ko ɗan fiye, watau matsin famfon ya kusa ninka nata sau 500. A kan jera irin waɗannan famfuna fiye da goma a bakin rijiya guda.

Yashi shi ne abokin gabar famfo. Ya kan cinye bawul da mazauninsa da zobban robar da ke toshe yoyo, har ya zama dole a sake su bayan 'yan kwanaki. Nan haɗarin ya ke. Makaniki zai hau tirela ya kwance murfi mai nauyi, a al'adar da kuwa da babbar guduma a ke bugunsa. Guduma ta kan kuɓuce, ɓarɓashin ƙarfe ya kan fantsama a ido, yatsa ya kan maƙale. In akwai sauran matsi da ya ɓuya a ciki, murfin na iya tashi kamar harsashi. Ga shi sau da yawa famfunan da ke gefensa suna aiki, cikin filin da ma'aikata ke kira jan fili saboda haɗarinsa.

Hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta Amurka ta ƙididdige cewa daga 2003 zuwa 2013 ma'aikatan haƙar mai da gas 1,189 suka rasu a bakin aiki. Haɗarin sufuri ne ya fi kisa, sa'an nan bugu ko matsewar kayan aiki ke bi masa, wajen kashi ɗaya cikin huɗu.

Gargaɗi da hular kwano suna da amfani, amma mutumin da ya yi awa goma sha biyu yana aiki ya kan yi kuskure kome hankalinsa. Don haka injiniyoyi suka koma kan ƙirar famfon kanta, gama rigakafi ya fi magani.

Na farko, an ƙera murfi da mahaɗar bututu waɗanda a ke ɗaurewa da maɗauri ko da na'ura mai aiki da matsin mai, ba a bukatar guduma. Mazaunin bawul ma da irin wannan na'ura a ke zare shi.

Na biyu, an ƙara wa kayan ƙarko. Sashen da ruwa ke bi, da an saba yinsa da ƙarfe mai tsatsa, ya kan tsage a inda ramukansa suka haɗu. Yanzu da yawa da ƙarfen da ba ya tsatsa a ke yinsa, a kuma goge kusurwoyin ramukan don kada matsi ya taru wuri guda. Mazaunin bawul kuwa a kan sa masa wani ƙarfe mai tsananin tauri da a ke kira tangistin kabayid. Lissafin a fili ya ke: in kaya ya ninka kwanakinsa, hawan makaniki kan tirela ya ragu da rabi.

Na uku, an rage yawan mahaɗa. Maimakon gajerun bututu masu gwiwoyi barkatai, a kan shimfiɗa babban bututu guda, a haɗa famfuna da shi da mesa mai jure matsi, a ɗaure da igiyoyi masu ƙarfi don kada abin da ya tsinke ya yi bulala. Akwai kuma na'urorin awo da ke sanar da mai kula daga ɗakinsa cewa bawul ya fara lalacewa.

Sabon kaya ya fi tsada, shi ya sa har yanzu ba a daina jin ƙarar guduma a wasu rijiyoyi ba. Amma duk wanda aka ɗora wa sayen inji, babba ko ƙarami, ya kamata bayan ya tambayi kuɗinsa da ƙarfinsa ya ƙara tambaya guda: ran da ya lalace, ina mai gyara zai tsaya, da me kuma zai buɗe shi?