Gidajen Jamus da ba sa cin makamashi sosai

A ƙasar Jamus, inda ake shafe kusan rabin shekara ana fama da sanyi, kuɗin ɗumama ɗaki na daga cikin abubuwan da suka fi cinye aljihun magidanta. Sai dai akwai wani tsarin gini da ake kira Passivhaus, wanda ke rage wannan ɗawainiya da kimanin kashi 90 cikin 100 idan aka kwatanta da tsofaffin gidaje.

An faro maganar ne a shekarar 1988, a wata tattaunawa tsakanin masanin kimiyyar lissafi da yanayin abubuwa na Jamus, Wolfgang Feist, da Farfesa Bo Adamson na jami'ar Lund da ke ƙasar Suwidin. Tambayar da suka yi wa kansu ita ce, maimakon a ci gaba da ƙona mai da iskar gas domin maye gurbin zafin da ke sulalewa daga gida, me zai hana a toshe hanyoyin da zafin ke bi? A shekarar 1991 aka kammala gidaje huɗu na farko a jere a unguwar Kranichstein ta birnin Darmstadt, kuma Feist da iyalinsa suka tare a ɗaya daga ciki. A 1996 ya kafa cibiyar da ke tantance irin waɗannan gine-gine a birnin.

Yadda gidan ke riƙe zafi

Gidan yana aiki ne tamkar kular abinci, wadda ba ta da wuta a cikinta amma tuwo ke kai wa dare da ɗuminsa. Ana lulluɓe bango da rufi da ƙasan gidan da kayan da ke hana zafi ratsawa, masu kaurin da kan kai santimita 30. Tagogi kuwa gilashinsu rubi uku ne, kuma manyan cikinsu na fuskantar kudu, ɓangaren da rana ke haskawa a lokacin hunturu a Turai. Ana kuma liƙe duk wata kafa da iska za ta iya kurɗawa, har a gwada gidan da wata fanka ta musamman kafin a ba shi takardar shaida.

To amma gidan da aka rufe ruf haka, ta ina mazauna za su shaƙi iska? A nan ne hikimar take. Akwai wata na'ura da ke zuƙe gurɓatacciyar iska daga kicin da banɗaki, tana kuma shigo da sabuwa daga waje. Iskokin biyu na giftawa kusa da juna a cikin na'urar ba tare da sun gauraya ba, ta yadda mai fita za ta miƙa wa mai shigowa aƙalla kashi 75 cikin 100 na ɗuminta. Ragowar ɗumin da ake buƙata na fitowa ne akasari daga hasken rana, da girki, da kayan lantarki, da ma jikin mutanen gidan. Ba a hana kowa buɗe taga ba, saɓanin abin da wasu ke zato.

Ƙa'idar ita ce, kada ɗumama kowane murabba'in mita guda ya ci fiye da yunit 15 na makamashi a shekara, wato irin yunit ɗin da mitar lantarki ke ƙirgawa. Ke nan gida mai murabba'in mita 100 zai wadatu da abin da ya yi daidai da lita 150 ta man ɗumama ɗaki a shekara guda, alhali tsohon gida mai wannan girma kan sha ninkin haka har sau goma.

Riba da tsada

Amfanin bai tsaya ga kuɗi ba. Da yake bango ba ya yin sanyi daga ciki, danshi ba ya taruwa balle funfuna ta fito, kuma matatar na'urar na tace ƙura kafin iska ta shiga ɗaki. Kaurin tagogin na rage hayaniyar titi. Binciken da aka yi wa gidajen Kranichstein bayan sun cika shekaru 25 ya nuna cewa har a lokacin ba su haura ƙa'idar ba.

An ga muhimmancin hakan a fili a shekarar 2022, lokacin da Rasha ta mamaye Yukren. Kafin yaƙin, fiye da rabin iskar gas da Jamus ke saye daga waje daga Rasha take zuwa, kuma da aka katse ta farashi ya yi tashin gwauron zabi. Iyalan da ke zaune a gidajen da ba sa buƙatar ɗumamawa sosai ba su ji a jikinsu kamar saura ba. Kazalika alƙaluman Tarayyar Turai sun nuna cewa gine-gine ne ke cin kusan kashi 40 cikin 100 na makamashin da ake amfani da shi a ƙasashenta, abin da ya sa batun ya shiga sahun gaba a yaƙi da ɗumamar yanayi.

Ko da yake haka, ginin ya fi na yau da kullum tsada da farko, kuma ba ya yafe aikin ganganci. Kafa guda da magini ya bari a gefen taga na iya ɓata lissafin baki ɗaya. Wajibi ne a riƙa canja matatar iska a kai a kai, sannan idan ba a tanadi abin kare rana a tagogi ba, gidan kan yi zafi fiye da kima da bazara. Wata matsalar kuma ita ce, Jamusawa da dama 'yan haya ne, don haka mai gida ne zai kashe kuɗin ginin, ɗan haya kuma ya ci moriyar rangwamen.

Duk da haka tsarin ya bazu. A birnin Haidelbag an gina unguwa sukutum mai suna Bahnstadt bisa wannan ƙa'ida, a filin tsohuwar tashar jiragen ƙasa ta dakon kaya. A shekarar 2024 kuma Tarayyar Turai ta zartar da dokar da ta tanadi cewa daga 2030, dole duk sabon gini ya kasance ba ya fitar da hayaƙin man fetur ko gas ko kwal.