A Velingara, Kakanni Ne Suka Tsaya wa 'Yan Mata

A kudancin Senegal, cikin yankin Kolda, akwai gundumar da ake kira Velingara. Yawancin mutanenta Fulani ne Musulmi, manoma da makiyaya, kuma Bahaushen da ya sauka can ba zai daɗe yana baƙunta ba. Babban gida ne, ga tsakar gida, ga tsohuwa a kan tabarma wadda ba a yanke magana sai an ji ta bakinta. Yankin ya daɗe yana fama da aurar da 'yan mata tun ba su isa ba, da ɗaukar ciki kafin aure, da barin makaranta, da kaciyar mata, duk da cewa dokar ƙasar ta haramta kaciyar tun 1999. Masu wayar da kai sun sha zuwa, amma galibinsu hanya ɗaya suke bi: a tara 'yan mata a aji, a karanta musu haƙƙoƙinsu, a watse. Yarinya ta koma gida da maganar da ba ta da bakin faɗa, domin ba ita ke sa ranar aurenta ba.

A 2008 ƙungiyar Grandmother Project, wadda wata Ba'amurkiya mai suna Judi Aubel ta jagoranci kafawa a 2005, ta shigo da wata dabara dabam. Aubel ta riga ta yi shekaru tana aikin lafiyar uwa da jariri a Afirka, kuma a 2004 ita da abokan aikinta sun wallafa sakamakon wani aiki a Senegal da ya nuna cewa kakanni na karɓar sabon ilimi kan shayarwa da abincin mai ciki, muddin an zauna da su cikin mutunci. Wannan ya saɓa wa abin da masu tsara irin waɗannan shirye-shirye suka saba ɗauka, wato cewa tsohuwa ita ce matsalar, a kewaye ta a wuce.

Abin da aka fara yi a Velingara shi ne yabo. Aka ware ranaku na karrama kakanni, mawaƙan gari suka tsara musu waƙoƙi, hakimai da limamai da malaman makaranta suka zauna aka ambaci hidimar da suke yi wa iyali. Wani zai ga kamar ɓata lokaci ne, ni kuwa a nan nake ganin hikimar aikin gaba ɗaya. Matar da shekara da shekaru ake nuna mata cewa zamani ya bar ta, ba ta yi boko ba, tunaninta na dā ne, ba za ta saki jiki da kai ranar da ka zo mata da gyara ba. Sai bayan an tabbatar mata da matsayinta a bainar jama'a aka buɗe zaurukan tattaunawa, inda dattawa da iyaye da matasa, maza da mata, kan fara zama rukuni-rukuni, sannan a haɗu a ji abin da kowa ya kawo. Akwai kuma zaman gindin bishiya na kaka da uwa da 'ya, inda ake maganar balaga da al'ada da samari. Makarantu ma sun buɗe ƙofa: kakanni na shiga aji su yi wa yara tatsuniya da bayanin ɗabi'u, malamai kuma na zama da su su san juna. Daga baya masu bincike daga Jami'ar Georgetown ta Amurka sun bibiyi shirin, suka samu cewa ra'ayin jama'a kan auren wuri da karatun 'ya mace ya sauya a ƙauyukan da aka yi shi, kuma kakannin da kansu ne ke shiga tsakani idan uba ya tashi cire 'yarsa daga makaranta.

Mu Hausawa bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. Tsakanin uwa da 'yarta akwai kunya, balle 'yar fari da ko sunanta ba a kira. Tsakanin kaka da jika kuwa wasa ne: namiji mijinta ne, mace kishiyarta ce, a yi ta zolaya ba mai jin haushi. Wurinta ake kai yaro yaye. Abin da budurwa ba za ta iya furtawa a gaban mahaifiyarta ba, takan faɗa wa kakarta a ɗaki, kuma kakar ce kaɗai za ta iya kiran maigida ta ce masa, “Kai, wannan maganar a dakata,” ya sunkuyar da kai, domin ita ta haife shi. Wace ma'aikaciyar ƙungiya ce ke da irin wannan iko?

Ba cewa nake duk abin da tsofaffi suka riƙe alheri ba ne. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suka lura da yawan ciwon zuciya bayan haihuwa a ƙasar Zazzau, suka kuma alaƙanta shi da zafin wankan jego da yawan shan kunun kanwa. Yankan gishiri ma ya jefa mata da yawa cikin larurar yoyon fitsari. To amma waɗannan al'adu a hannun wa suke? Mai jego ba ta da ta cewa a kwana arba'in ɗin nan. Idan an koya mata a asibiti, aka bar wadda ke dafa ruwan da dama kunun ba a ce mata komai ba, an yi aikin baban giwa.

A wasu ƙasashen ma, shirye-shiryen da suka yi ƙarko su ne waɗanda kowane ɓangare ke da abin bayarwa. A Harare, babban birnin Zimbabwe, likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya horar da kakanni su zauna a kan benci a harabar asibitocin unguwa, suna sauraron masu fama da damuwa. Gwajin da mujallar likitoci ta JAMA ta wallafa a 2016 ya nuna cewa waɗanda suka zauna da kakannin sun fi samun sauƙi nesa ba kusa ba a kan waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. A garin Deventer na ƙasar Holan kuwa, gidan kula da tsofaffi na Humanitas yana bai wa ɗaliban jami'a ɗaki kyauta, su kuma su ba maƙwabtansu tsofaffi awa 30 a wata, a yi hira, a ci abinci tare, a koya musu amfani da waya da kwamfuta. Su can kaɗaici ne ya tilasta musu ƙirƙiro maƙwabtaka.

Mu ba mu kai can ba tukuna, amma alamu sun bayyana. A Kano da Kaduna da Maraɗi, ango kan kama haya a bayan gari, nesa da gidan gandu, jikoki kuma sai da salla suke ganin kakarsu. Hirar dare ta koma kan waya. Duk da haka wuraren haɗuwar suna nan. Islamiyyar matan aure na tara tsohuwa mai shekara saba'in da amaryar bana a aji ɗaya, kuma ranar awo kusan duk mai cikin fari da wata babba take zuwa, wadda akan bari a waje tana jira a inuwa har a gama. Shugabar islamiyya ko ungozomar asibitin unguwa na iya kiran waɗannan tsofaffi ciki tun makon gobe, a ba su wurin zama a gaba, a fara da tambayarsu yadda suka ga 'yan matan unguwar a bana.