Zaɓen Ƙoto: Da Me Kifi Yake Gane Abincinsa?

A shekarar 1936 wani talakan masunci ɗan ƙasar Finlan, Lauri Rapala, ya ɗauki wuƙa ya sassaƙa ɗan kifi da ɓawon itace mara nauyi, ya naɗe shi da takarda mai ƙyalli, ya narka tsohon fim ɗin hoto ya shafe shi don kada ya jiƙa. Abin da ya kai shi ga haka lura ce. Ya ga idan babban kifi ya auka wa garken ƙanana, ba kan mai uwa da wabi yake yi ba, wanda yake tangaɗi ya kasa bin 'yan'uwansa shi yake cafkewa. Sai ya yi ta gyara nasa har ya riƙa tangaɗi irin na mai rauni. Yau kamfanin da ke ɗauke da sunansa yana cikin manyan masu ƙera ƙoton roba a duniya.

Sabon shiga idan ya je kanti, launi yake fara tambaya. Wannan kuwa ita ce tambayar ƙarshe. Ta farko ita ce: kifin da kake nema, da me yake gano abinci?

Giwan ruwa da tsage mafarauta ne, da ido da motsi suke aiki, don haka su ne ake yaudara da roba ko ƙarfe. Tarwaɗa da ƙurungu kuwa da gashin bakinsu suke laluben ƙasan ruwa, yawanci da dare, suna bin ɗanɗano da wari. Ka jefa musu ƙoton da ya fi kowane tsada, da wuya su waiwaye shi; tana, hanjin kaza, har gutsuren sabulu sun fi shi aiki. Karfasa ganye da gansakuka ne yawan abincinta, curin dusa ko 'yar tana ya wadatar.

To, a ce giwan ruwa ake nema. Sai a dubi ruwan kansa. Tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala madatsar a 1968, ruwa sau biyu yake zo masa a shekara. Na farko da damina, ruwan saman da aka yi a nan kusa, yana tafe da laka, ka sa hannu ba ka ganin yatsunka. Na biyu sai da hunturu yake isowa daga tsaunukan Gini, bayan ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali ya zubar da lakarsa a can, ya zo garau. Wuri ɗaya ne, amma ƙoton da ya ci a watan Janairu ba lallai ya ci a Satumba ba.

A ruwa mai tsabta kifi yana ƙare wa abu kallo kafin ya kai hari, saboda haka a ba shi abin da ya saba gani: fari mai ƙyalli irin na kawara, daidai girmanta. A gurɓataccen ruwa ido ba ya kai wa nesa, sai kifi ya koma ga wani layi da ke gefen jikinsa, daga kai zuwa wutsiya, wanda da shi yake jin girgizar ruwa. Nan ƙoto mai faɗin tangaɗi, ko wanda aka zuba wa 'yan ƙarafa a ciki yana kacau-kacau kamar caki, ya fi tasiri. Launi kuma yana da nasa hali a ƙarƙashin ruwa: ja ne ke fara dusashewa, mita kaɗan ya koma duhu-duhu, shuɗi da kore su ne ke jure zurfi. Wannan jan da ya ɗauki idon mai saye a kanti, kifin da ke can ƙasa bai ma san da shi ba.

A ganina zurfi ya fi launi muhimmanci nesa ba kusa ba. Babbar giwan ruwa, wadda kan iya kusan mita 2 a tsawo, ba ta yawon banza. Tana laɓewa gindin dutse ko kututturen da ruwa ya shanye, tana jiran abin da zai gifta. Idan ƙoto ya wuce can sama da ita, an yi aikin banza. Ɗan leɓen da ke gaban kifin roba shi ke hukunta wannan: gajere yana tafe kusa da saman ruwa, dogo yana nutsewa da zarar an ja. A Tafkin Nasir na ƙasar Masar, inda masu fatsa daga Turai ke zuwa takanas saboda giwan ruwa, manya masu dogon leɓe ake ɗaurawa a bayan jirgi, a riƙa ja a hankali ta gefen duwatsu.

Tsage dai ba ya son wannan natsuwar. Ƙarfe mai siffar cokali yake so, a ja shi da sauri yana walƙiya cikin ruwa mai gudu. Haƙoransa na datse zare nan take, dole a sa guntuwar waya tsakanin zare da ƙoto, a kuma wasa ƙugiya, domin bakinsa ƙashi ne, yakan yi tsalle ya tofar da ita.

Ƙoton roba ba na kowa ba ne. Yana da tsada, yana maƙalewa a itace ya tafi ke nan, kuma kifi ɗaya yake kamawa a jifa ɗaya. Masuncin Yawuri mai iyali gara masa taru da mamari. Amma ga wanda ya je da sanda, kifin farko da ya kama ya farke cikinsa ya duba. Idan 'yan kawara ne masu tsawon yatsa a ciki, ya cire babban ƙoton nan ya ɗaura ƙarami fari.