Amalanken Kwalekwalen Kayak: Darasi a kan Ma'aunin Nauyi

Kayak wani siririn kwalekwale ne da mutanen Inuwit na ƙasashen ƙanƙara, wato Girinlan da arewacin Kanada da Alaska, suka ƙirƙiro don farauta tun dubban shekaru. Da itace ko ƙashi suke haɗa gangar jikinsa, sannan su lulluɓe ta da fatar dabbobin teku. Na zamani kuwa galibi da roba ake yin sa, tsawonsa yakan kai mita 3 zuwa 5, nauyinsa kilo 20 zuwa 35. A kan ruwa tafiyarsa sumul, amma a tudu wahala ce: ɗauka na cutar da baya, jan sa a ƙasa kuma na cinye cikinsa har ya huje. Maganin wannan shi ne ɗan ƙaramin amalanke mai taya biyu, wanda ɗalibi zai iya haɗawa a gida.

Kayan aikin ba su da yawa: tayoyin baro guda biyu, sandar ƙarfe mai tsawon santimita 80, katako ko bututun famfo na roba mai kauri, soson katifa, da igiya mai ƙarfi. Da farko a zura sandar cikin katakon ko bututun, a sa taya a kowane gefe, a toshe bakin sandar da noti don kada tayar ta fice. Daga nan a kafa wasu katakai biyu a sama, su kwanta a tsawon jirgin, a naɗe su da soso. A kansu cikin kwalekwalen zai zauna, a ɗaure shi tamau da igiya.

To, a ina ya kamata a sa amalanken? A nan ilimin yake. Masanin nan na Girka, Arkimidis, wanda ya rasu a shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa, ya bayyana cewa tasirin nauyi ya danganta ne da nisansa daga wurin da abu ya dogara. Alal misali, mu ɗauki kayak mai mita 4 da kilo 30, wanda nauyinsa ya taru a tsakiya. Idan aka sa tayoyin a can ƙarshen baya, mai riƙe da goshin jirgin zai ɗauki rabi, wato kilo 15. Idan kuwa aka matso da su har ya rage rabin mita su kai tsakiya, nisan hannu daga taya ya zama mita 2.5. Sai a ninka 30 da 0.5, a raba da 2.5: kilo 6 kacal ya rage wa hannu, sauran 24 na kan taya. Wannan hikimar ce masu turin amalanke a kasuwanninmu suke amfani da ita sa'ad da suke tara buhuna a saitin taya. Amma kada a sa tayoyin daidai tsakiya, domin jirgin zai riƙa lilo, bayansa na bugun ƙasa.

Akwai kuma batun faɗin taya. Bakin ruwa yashi ne ko laka, siririyar taya kuwa na tara nauyi a ɗan ƙaramin wuri, sai ta nutse. Mai faɗi tana baza nauyin, kamar yadda tafin raƙumi ke hana shi nutsewa cikin rairayi. Haka nan amalanke gajere mai tayoyi nesa da juna ya fi dogo wuyar kifewa. Bayan aiki a wanke sandar, a shafa mata giris saboda tsatsa.

Malamai za su iya gwada wannan a aji: a ɗora doguwar sanda a kan bulo, ɗalibi ya tallabi bakinta ɗaya, a riƙa matsar da bulon zuwa tsakiya. Hannunsa zai gaya masa abin da lissafi ya faɗa.