Ciwon sukari a lokacin goyon ciki: kwanon za a gyara

A Malali, kamar sauran unguwannin Kaduna ta Arewa, gatan da ake yi wa mai juna biyu yawanci zaƙi ne: shayi mai kauri da burodi da safe, kunun zaƙi da rana, maigida kuma ya dawo da lemon kwalba da dare wai don ta ƙara jini. Niyyar mai kyau ce. Sai dai a watannin tsakiyar ciki mabiyiya tana fitar da sinadaran da ke rage ƙarfin insulin, mai sauke sukarin jini, kuma matar da jikinta ya kasa ƙara yawan insulin ɗin sai sukari ya taru mata a jini, ko da ba ta taɓa ciwon ba. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa kusan haihuwa 1 cikin 6 tana zuwa da irin wannan matsala.

Galibi ciwon ba ya nuna alama, gwaji ne ke tona shi. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2013 ita ce a ɗebi jini kafin karin kumallo, a shayar da mace gulukos giram 75, a sake ɗiba bayan awa 1 da awa 2. Ana yin haka tsakanin mako na 24 da na 28. Adadin farko in ya kai 5.1, ko na ƙarshe ya kai 8.5, ciwon ya tabbata. Mace mai ƙiba, ko wadda ciwon ke danginsu, ko wadda ta taɓa haihuwar jariri mai kilo 4, ta tambayi gwajin da bakinta a wurin awo, ko a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko.

Wannan ƙaton jaririn da dangi ke yi wa guɗa, sukarin uwa ne ya tsallaka ya ƙiba shi. Kafaɗarsa kan maƙale a naƙuda, a kai ga tiyata, shi kuma sukarinsa ya faɗi bayan an haife shi.

Kuskuren da ya fi yawa bayan an faɗa wa mace sakamako shi ne ta tsorata ta daina cin tuwo kwata-kwata. Ɗan da ke ciki yana bukatar abinci mai sitaci. Yawansa a zama ɗaya ne illar. Malmala ta koma kamar dunƙulen hannunta, miyar kuka ko kuɓewa ko taushe ta yi yawa, da kifi ko nama. A raba abincin yini gida 3, da ɗan abin taɓawa tsakani: dafaffen ƙwai, gyaɗa, awara, kwaɗon zogale ba sukari. Shinkafa da wake, waken ya rinjayi shinkafar. Alale da ƙosai sun fi burodi da safe, lokacin da sukari ya fi saurin hawa. Koko da kunu kuwa, da yake gari ne da aka tace, ko ba a zuba sukari ba suna shiga jini da wuri.

Acca da alkama sun yi suna a matsayin abincin masu sukari, har ana tsawwala kuɗinsu. Hatsi ne su ma, awo ɗaya ake musu da dawa. Zuma da dabino ma zaƙi ne, albarkarsu ba ta hana su ɗaga sukari. Jiƙe-jiƙen ɗaci kuma ba abin da mai ciki za ta gwada ba ne.

Duk wannan bayani ana yi wa matar ne ita kaɗai a asibiti, alhali cefane na hannun miji, tukunya kuma ta gida duka ce. Ya kamata a zo da mijin awo ko sau ɗaya. Yawancin mata gyaran abinci da ɗan tattaki bayan cin abinci ya ishe su. Wadda bai isa ba likita ya ɗora ta kan allurar insulin. Bayan haihuwa ciwon kan lafa, amma yana iya dawowa na dindindin bayan shekaru, don haka kunun kanwar jego a rage masa zaƙi, a kuma koma gwaji da zarar an yi arba'in.